Kujera mai ɗumi da wayar da ba ta da fiyus

Ran wata Litinin cikin watan Janairu, washegarin cin kasuwar Ɗambatta, aka jawo mini wata Golf da igiya, ƙura ta yi mata fari fat. Tun kafin a kwance igiyar na ji ƙaurin roba. Na buɗe ƙofar direba, sai ga kujera ta ƙone daga gefe guda, soson ya narke ya daskare kamar ƙanzon tuwo, ƙasan motar kuwa duk yashi, alamar da abin da hannu ya kai gare shi aka kashe wutar. Mai motar dattijo ne, kayan gwari yake ɗauka daga fadamun wajen madatsar Tomas zuwa 'Yan Kaba a Kano. Ya ce da ni, "Malam, wallahi ba mu taɓa komai ba, haka kawai ta kama." Na ce, "To Baba, Allah ya tsare gaba, bari mu gani."

Duk wanda ya daɗe yana aikin wayar mota, mu da ake kira riwaya, ya ji wannan magana sau ba adadi. Mota ba ta kamawa haka kawai. Da muka ɗaga kujerar sai ga wata siririyar waya, ja da baƙi a manne, irin ta sifika. Na bi ta da yatsa: ta taso daga kan batir, ta biyo ta bakin ƙofa, ta shige ƙarƙashin kafet, ta ratsa ta kan ƙarfen da kujera ke zamewa gaba da baya, ta ƙare a jikin wata shimfiɗa mai ɗumama mazauni. Ɗan dattijon ne ya sayo masa a birni, don tausayin fitar asuba cikin hunturu. Shimfiɗar ta zo da kan da ake cusawa a ramin laita, amma ramin laitar motar ya daɗe da mutuwa, sai yaron ya sa reza ya datse kan ya yar, ya yi haɗi kai tsaye. Abin da bai sani ba, a cikin hancin wannan kan da ya yar akwai ɗan ƙaramin fiyus na kwalba, kuma shi kaɗai ne kariyar da kayan suka zo da ita. Kwana tara kujera tana gaba tana baya a kan wayar, har ta cinye robar, tagulla ta taɓa ƙarfe. Batir ba ya tambaya. Inda babu fiyus, wayar da kanta ce ke zama fiyus, ta yi ja tun daga farko har ƙarshe, ta kunna duk abin da ke kwance a kanta.

Ban ga laifin niyyar yaron ba. Wanda bai taɓa fita da ƙarfe huɗu na dare a hanyar Kazaure zuwa Kano cikin Disamba ba zai iya yi wa maganar kujera mai ɗumi dariya, ya ce ina ruwan ƙasar zafi da kayan Turawa. Sanyin hunturunmu da asuba yakan sauko wajen digiri 12 ko 13, wani lokaci ƙasa da haka a filin Allah inda iska ke kaɗawa, ga gilashin da ba ya rufuwa ruf, ga ciwon baya na shekaru. Sai dai hanyar da ake bi ita ce ke kawo mini motoci a kan igiya.

Abin dariyar shi ne da yawa daga motocin da ke yawo tsakanin Bichi, Makoɗa da Minjibir tun daga kamfani suke da wannan abu, masu su ba su sani ba. Motocinmu 'yan Beljiyam ne, daga Turai da Amurka suke zuwa ta Kwatano ko Legas, kuma can ƙanƙara ake yi. Kamfanin Cadillac na Amurka ya fara sa kujera mai ɗumi ga mai so tun 1966, Saab na ƙasar Suwidin kuma ya mayar da ita kayan yau da kullum a 1972. Duk shekara cikin Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, sai na samu wanda zai zo yana gumi ya ce kujerarsa tana gasa shi, ko injin ne ke huro zafi ta ƙasa. Wani Alhaji har ya fara zargin ita ce ta tayar masa da basir. Na leƙa kusa da giya, na nuna masa ɗan maɓalli mai zanen kujera da layuka uku a karkace suna tashi sama, jikansa ya danna ya bari a kunne. Na kashe, ban karɓi ko sisi ba. Saboda haka kafin ka kashe kuɗi, duba motarka tukuna. In maɓallin na nan amma ba ya aiki, sau da yawa fiyus ne, ko soket ɗin ƙarƙashin kujera da masu wankin mota suka fizge.

Yadda abin yake aiki ba wani sirri ba ne. Waya ce mai tauye wuta, ko zaren kabon, a shimfiɗe cikin ƙyalle tsakanin soso da fatar kujera, wuta na bi ta ciki tana yin zafi, kamar dai dutsen guga na lantarki. A jikinta akwai ɗan abu mai auna zafi da ke yanke wuta in ɗumin ya kai iyaka. Kujera ɗaya, mazauni da majingina, tana jan kamar amfiya 3 zuwa 5 a kan bolt 12. Biyu kuwa sai a doshi amfiya 10. Wannan ya kai abin da fitilun gaba guda biyu ke ci. To yi lissafi da batirin da yawancinmu ke ɗaurawa, mai lamba 60 ko 75, wanda ma ya sha jiki: in ka haɗa kai tsaye da batir, ka manta ba ka kashe ba bayan sallar isha, da asuba sai dai a nemo yaran unguwa su tura. Wannan kuwa shi ne mafi sauƙin abin da zai same ka.

A kan fiyus nake so in daɗe, don a nan muke kashe motocinmu da hannunmu. Fiyus an yi shi ne don ya mutu. Ɗan siririn ƙarfen da ke cikinsa an auna shi ya tsinke kafin waya ta yi zafi. Launinsa ma magana yake yi: ja 10 ne, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Amma me muke yi in ya ƙone? A bakin tasha sai yaron mota ya warware gashin waya ya naɗa a ƙafafun fiyus ɗin da ya mutu ya mayar, ko a sa takardar azurfa ta kwalin sigari, mota ta tashi kowa ya ce madalla. Wanda ya fi wayewa kuma sai ya cire ja ya sa kore, wai ya fi ƙarfi. Fiyus ɗin da ke ƙonewa sau biyu a jere faɗa maka yake yi akwai inda waya ta goge ko an ɗora wa layin kayan da ya fi ƙarfinsa. Ka sa kore a layin da aka yi wa ja, ka ba siririyar waya izinin ɗaukar ninki uku na abin da aka yi ta dominsa. Na buɗe akwatin fiyus na wata Sharon mai jigilar fasinja na ƙirga gashin waya a gurbi shida. Mota ce da ke ɗaukar mutum goma da 'ya'yansu, ƙofar baya kuma sai daga waje take buɗuwa.

Kuma ba kujera mai ɗumi kaɗai ba ce. Fitilun nan masu kashe ido da ake jerawa a gaban mota, amfilifaya, cajar waya mai baki huɗu, fanka, hon na tirela, duk hanya ɗaya ake bi da su: a fere wayar da ta fi kusa da hannu, a murɗa, a naɗe da salatif ko ledar biredi. Kujerar dai ta fi su haɗari ne don ita a cikin soso take, kuma kana zaune a kanta.

In ka ce lallai da kanka za ka ɗaura, ba zan hana ka ba, don akwai masu hannu da suka fi wasu masu garejin natsuwa. Fara da cire kan batir na baƙi, wato na at, ka jira kamar minti goma. Dalilin jiran shi ne soket mai launin rawaya da za ka gani a ƙarƙashin kujerar motocin da ba su tsufa sosai ba, irin su Corolla, Camry da Accord. Wannan na jakar iska ne, wadda ke fashewa ta tare mutum in an yi haɗari, kuma wasu kujerun a gefen majinginarsu take. Kada ka fere wayar rawaya, kada ka ɗora mata fitilar gwaji, kada ka kunna makulli alhali tana cire. Kujerar mai zaman banza a wasu motocin tana da abin da ke gane ko akwai mutum a kai, a cikin soson yake, in ka danne shi da shimfiɗa zai iya rikicewa. Irin wannan kujera ni kaina sai na duba da kyau kafin in yarda in taɓa.

Wutar kuma a ɗauko ta da waya mai kauri, milimita 1.5 zuwa 2.5, ta tagulla ta gaske. A Ƙofar Ruwa akwai mai kyau akwai ta banza, ka kankare gashin da wuƙa, in ya yi fari a ciki alminiyon ne aka shafa wa launi, ajiye musu kayansu. Fiyus ya zauna kusa da inda aka ɗauko wutar, tazarar da ba ta wuce taƙi ɗaya ba, mai 10 ga kujera ɗaya ko abin da takardar kayan ta faɗa. Fiyus ɗin da aka sa can kusa da kujera bai kare doguwar wayar da ke bayansa ba, kuma a wannan doguwar ce gobara ke tashi. Sannan a sa rile. Ɗan akwati ne baƙi mai ƙafa huɗu, ƙafafun da lamba a jiki: 30 ta karɓi wuta daga fiyus, 87 ta kai wa kujera, 86 ta je layin da ba ya kawo wuta sai an murɗa makulli, 85 ta tafi jikin mota. Da wannan, kana zare makulli kujera ta mutu, ko ka manta ko ba ka manta ba. Wayar at a ɗaure ta da noti a kan ƙarfe da aka kankare wa fenti. Duk inda waya za ta ratsa ƙarfe a sa mata roba, a ƙarƙashin kujera kuma a bar mata sarari, a ɗaure ta nesa da layin zamiya, ka tura kujerar gaba ƙarshe da baya ƙarshe kana kallo da idonka.

Cire fatar kujera aikin masu ɗinkin kujera ne, sun fi ni iyawa, ni ma wurinsu nake kaiwa. Abin da zan ce kawai, shimfiɗar ta kwanta sumul, kada ta naɗe, don inda ta ninku nan zafi ke taruwa. Mai waya a ciki ba a sa mata almakashi ko kaɗan.

Akwai kuma maganar jiki. Zafin digiri 44 kacal, wanda hannu zai taɓa ya ce ɗumi ne, in fata ta daɗe a kai na sa'o'i yana ƙona ta. Mai lafiya zai ji ya motsa ko ya kashe. Mai ciwon suga da jijiyoyinsa suka fara mutuwa, ko wanda shanyewar ɓarin jiki ta taɓa, ko tsohuwar da aka ɗauko zuwa asibiti ta yi barci, ko jariri a cikin zani, ba za su ji ba sai an sauka a ga bororo. Shimfiɗu masu araha wasunsu abin yanke wutar ba ya aiki, wasu ma babu shi. A kunna minti goma ko sha biyar jiki ya sake, a kashe. In kujera ta jiƙe, ko ruwan sama ko fitsarin yaro, a bari ta bushe tukuna.

Ga tambayar da nake yi wa duk wanda ya zo da wannan buƙata: hitar motarka fa? Kusan kowace mota tana da ita, kuma zafin ruwan injin take amfani da shi, wanda dama a banza yake tafiya ta lagireto, fankar kawai ke cin wuta kaɗan. Abin da ya sa ba ta aiki a yawancin motocinmu shi ne al'adar kanikawa ta cire tamostat da zarar mota ta iso, wai na ƙasar sanyi ne, sannan in bututun hita ya fara yoyo a datse a zagaye shi. Injin da babu tamostat yana daɗewa bai ɗauki zafi ba da safe, yana shan mai fiye da kima, hita kuma sai iska mai sanyi. Mayar da waɗannan biyun sau da yawa ya fi arha, kuma kowa a motar zai ji ɗumi har na kujerar baya. Kaskon garwashi a cikin mota da gilashi a rufe kuwa, na taɓa gani da idona a tasha, hayaƙinsa marar wari yana kashe mutum cikin barci.

Golf ɗin dattijon nan kwana uku ta yi a wurina. Wutar ta bi ta cinye wayoyin da ke kwance a gefen ƙofa har zuwa fitilun baya, sai da muka sake su ɗaya bayan ɗaya, aka samo kujera ta hannu daga Kano. Kuɗin ya ninka na shimfiɗar sau da yawa, ban da lodin tumatir uku da ya rasa. Ran da zai ɗauka ya zo da yaron, saurayi mai kunya, kansa a sunkuye. Na ba yaron rile ɗaya da fiyus ja, na zana masa ƙafafun huɗu a bayan kwali, na sa ya haɗa fitilar gwaji a kan benci har ta kama ta mutu da makulli. Sannan muka buɗe bonet na nuna wa uban bututun hita guda biyu da wani ya toshe da guntun katako tun kafin motar ta zo hannunsa. Ya ce a bar wannan sai bayan ya sayar da albasa.