Amanar Itatuwa: Darasi a kan Bibiyar Abin da Aka Dasa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya saukar da ruwa daga sama Ya rayar da ƙasa bayan mutuwarta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi na Madawa da Buza da Keita, tun daga 1975 ake dashen itatuwa a ƙasarmu Nijar kowace ranar 3 ga Agusta. Mukan fita mu dasa, a yi addu'a, a watse. To, mu nawa ne ke komawa a watan Mayu, lokacin da bazara ta yi tsanani, domin ƙidaya abin da ya rayu? Darasinmu na yau a kan wannan komawar yake, wato bibiyar aiki da auna amfaninsa.

Asalinsa a addini

Ya inganta a hadisi cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga dashen Musulmi sadaka ne a gare shi. Sai mu lura: ana ci ne daga itacen da ya rayu. Wanda akuya ta cinye a watan da aka dasa shi ba ya ba kowa inuwa, balle ƴaƴa.

A cikin Suratun Namli an ba mu labarin Annabi Sulaimanu (A.S.) yana binciken rundunarsa, har ya gane cewa alhudahuda ba ya nan. Da tsuntsun ya dawo da labarin mutanen Saba'i, bai gaskata shi nan take ba, sai da ya jarraba maganarsa. Malamai sun ciro daga nan cewa wajibi ne shugaba ya riƙa duba abin da ke ƙarƙashinsa komai ƙanƙantarsa, kuma ya tantance rahoton da aka kawo masa.

Haka nan Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar (R.A.) ya naɗa baransa Hunayyu a kan makiyayar da aka keɓe. Ya umarce shi da tausasa wa jama'a, ya bar mai ƴan raƙuma kaɗan da mai ƴan tumaki kaɗan su shiga, ya gabatar da su a kan garkunan attajirai. Ashe tsaron daji yana buƙatar wakili sananne, da ƙa'ida, da adalci.

Abin da ƙasarmu ta gani

A fadamar Majiya, cikin gundumar Buza, an soma dasa shingayen tare iska a 1975, da haɗin gwiwar ma'aikatan gandun daji da ƙungiyar CARE. Layi biyu-biyu na dogon yaro aka yi, wanda wasu ke kira bedi, da tazarar mita 100 tsakanin shinge da shinge. Manoma da yawa sun yi fargabar inuwa da saiwa za su cinye musu gona, kuma gaskiya ne geron da ke gindin itatuwan yakan yi rauni. Gardamar ba ta yanke ba sai da aka auna: masu bincike suka gwada hatsin gonakin da ke cikin shinge da na waɗanda ke fili, suka sami ƙarin da ya kama daga kashi 15 zuwa kashi 23 cikin ɗari. Bibiyar ce kuma ta nuna cewa idan aka sare kan itacen daga sama da tsayin mutum zai sake toho, a sami azara da makamashi, inuwa ta ragu. Sai dai tsaron da aka sa wa dashen ya takura masu dabbobi, wannan ma abin lissafi ne.

A Keita, babban aikin raya karkara ya soma a 1984, shekarar fari mai tsanani, da tallafin Italiya da hukumomin FAO da PAM. Zuwa farkon shekarun 2000 an dasa itatuwa kimanin miliyan 18, an farfaɗo da fiye da hekta 34,000 na faƙo da gangaren duwatsu, kuma mata ne suka ɗauki mafi yawan wahalar. An iya auna sakamakon ne saboda akwai hotunan sama na 1962 da suka nuna dajin da ya rufe tuddai, da bayanan 1984 da suka nuna ya ƙare, sannan hotunan tauraron ɗan'adam na baya. Wanda bai san yadda wuri yake jiya ba, ba zai iya cewa ya gyaru yau ba.

Abubuwa biyar da za a riƙa dubawa

1. Adadi. A rubuta yawan abin da aka dasa da irinsa da wurinsa, a sake ƙidayawa kafin saukar damina, shekara uku a jere.

2. Dalilin mutuwa. Ƙishirwa ce, ko gara, ko dabbobi, ko gatari? Kowane da maganinsa.

3. Amfani. Dami nawa gonar ta bayar kafin shinge, nawa bayansa? Gaba nawa ake zura guga a rijiya? Kwazazzabo ya tsaya ko yana ci gaba?

4. Sara. Wa ya sara, da izinin wa, kuma ya bar wa itacen hanyar toho? Gawo na cikin itatuwan da doka ta kare, kuma dokar gandun daji ta 2004 tana nan. Wata doka ta 30 ga Yuli 2020 ta amince da haƙƙin manomi a kan itatuwan da ya raya a gonarsa ta hanyar sassaben zamani.

5. Rabo. Itacen da aka sara na gayya, ya kai ga gwauruwa da maraya da makiyayi, ko ya tsaya a zauren masu faɗa a ji?

Gargaɗi

Mafi haɗarin abin da ke ɓata wannan aiki shi ne rahoton ƙarya. Wanda ya rubuta cewa dubu sun rayu alhali ɗari uku ne, domin kada tallafi ya yanke, ya yi shaidar zur, kuma shaidar zur tana cikin manyan zunubai. Ya kuma cuci garinsa, domin an rufe ƙofar gyara. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya: iskar bazara za ta tona abin da takarda ta ɓoye.

Saboda haka muna kira ga kowane masallacin Juma'a ya zaɓi amintattu uku ko biyar, a sa manomi da makiyayi a ciki, a kuma nemi wakiliyar mata, tun da su ne masu neman itacen girki. A ba su littafi guda, su rubuta da ajami ko da boko. Su zagaya sau biyu a shekara, bayan girbi da ƙarshen rani, tare da ma'aikacin gandun daji idan ya samu, sannan a karanta wa jama'a sakamakon bayan salla. Wannan ba ya buƙatar kuɗin kowa, sai tsoron Allah da ƙafa.

Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, Ya ba mu damina mai albarka, Ya sa abin da muka dasa ya zama sadaka mai gudana a gare mu da iyayenmu. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.