Ƙurar amiyanti da aikin fiɗa a ƙirji

Samarin Gesheme da na sauran ƙauyukan Arewa suna tafiya cirani Legas, Kwatano ko Abijan. Wasu suna aikin rushe tsofaffin gidaje, wasu gyaran birkin mota. A cikin tsohon kwanon rufi na siminti da wasu birkuna akwai wani abu mai zare-zare da ake kira amiyanti. Ƙurarsa mugunya ce. Faransa ta hana aiki da shi tun 1997.

In mutum ya shaƙi ƙurar, sai ta maƙale a huhu. Ba ta nuna kanta da wuri. Bayan shekara 20 zuwa 40 tana iya jawo ciwon daji a huhu ko a tantanin da ya lulluɓe shi. Ruwa ya taru a ƙirji, numfashi ya yi wuya, mutum ya rame. Da yawa suna zaton tarin fuka ne.

Mai wannan alama ya je likita a Tibiri ko Dogon Dutsi, ya faɗi irin aikin da ya yi, ko da ya daɗe. Daga nan ana iya tura shi Doso ko Yamai, inda aka buɗe wurin gasa ciwon daji a 2021.

Ba kowa ake yi wa fiɗa ba. Sau da yawa ruwan kawai ake zuƙewa don numfashi ya samu. In za a buɗe ƙirji, likitan da ke sa barci shi ke fara duba mutum. Aikinsa babba ne: lokacin fiɗa ana tsai da huhu ɗaya, ɗayan shi kaɗai ke riƙe da rai. Don haka yake auna ƙarfin huhu, da zuciya, da jini.

A nan ɓoye-ɓoye ba shi da amfani. Maras lafiya ya faɗi duk maganin da yake sha, har saiwa da jiƙo. Mai shan taba ya bari makonni kafin ranar. Ya daina cin abinci awa 6 kafin aikin. Fura ma abinci ce, kada dangi su ba shi don tausayi: tana iya dawowa cikin barci ta shiga huhu.

Dangi su shirya ba da jini. Bayan aikin akan bar roba a ƙirji kwana kaɗan don ruwa ya fita. In ciwo ya hana shi tari, ya gaya wa likita a ƙara masa magani, don tari da tashi tsaye su ke buɗe huhu.