Amsoshin Tambayoyinku: Za a Yi wa Mahaifiyata Tiyatar Baya

Tambaya: Mahaifiyata ta shekara tana fama da ciwon baya mai sauka har ƙafarta ta hagu. Hoton MRI ya nuna faifan da ke tsakanin gaɓoɓin ƙashin bayanta ya zame yana danne jijiya, likita ya ce sai tiyata. Wane shiri za mu yi, kuma wata nawa za ta yi a kwance? Daga wani mai karatu a Gusau.

Amsa: Allah ya ba Hajiya lafiya. Malam, batun watanni a kwance ka cire shi daga ranka. A irin wannan aiki, yawanci ranar ko washegari ake tayar da majiyyaci ya taka, domin doguwar kwanciya tana sa jini ya daskare a jijiyoyin ƙafa, jiki kuma ya yi sanyi. 'Yan dubiya za su ce a bar ta ta huta. Ku yi musu godiya, ku riƙe hannunta ta zaga tsakar gida sau da yawa a rana.

Ku kuma san abin da aikin yake gyarawa. Ya fi kawar da zogin ƙafa. Ciwon bayan kansa yana iya saura kaɗan, kuma dindiris ɗin ƙafar yakan ɗauki watanni kafin ya saki.

Kafin ranar aikin, a kai wa likita duk abin da take sha, har jiƙe-jiƙen gargajiya da mutanenmu suke ɓoyewa. Asfirin da warfarin suna tsinka jini, likita ne zai faɗi ranar dakatar da su. In tana da ciwon suga ko hawan jini a daidaita su, don suga mai hawa yana hana rauni haɗewa. Akan daina cin abinci awa 6 kafin maganin sa barci.

Bayan aikin, a gida ake yin ɓarna. Kusan mako 6 ba sunkuyo, ba murɗa jiki, ba ɗaukar bokiti ko jika, ba daka. Masan tsuguno a ɗora masa kujera. Tabarma a ƙasa ta haƙura da ita, a samo gado mai ɗan tsayi. Sallah ta yi a kan kujera, addini ya sauƙaƙa wa mara lafiya. Hawa acaɓa a hanya mai gargada kuwa, kada ma a fara. In an sa mata ƙarfe an haɗe gaɓoɓi, ƙashin yakan kai wata 3 zuwa 6 ko fiye kafin ya kama. Motsa jikin da likitan gashin ƙashi ya tsara shi za ta bi, ba tausar mai ɗori ba.

Zazzaɓi, ruwa ko mugunya daga rauni, kumburin sha-raɓa, sabon rashin ƙarfi a ƙafa, kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko mutuwar jiki tsakanin cinyoyi: ko da tsakar dare ne, ku kai ta asibiti.