Kada Ruwan Farko Ya Ruɗe Ku

Manoman Kadawa, daga Kura har Bunkure, ku riƙa tantance kalmomin hasashen yanayin da hukumar NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara. In an ce za a yi yayyafi ko hadari a watan Mayu, wannan ruwan wucewa ne. In kuwa aka ce faɗuwar damina, ana nufin ruwan da ya jiƙa ƙasa sosai, ya kuma ɗore babu dogon tsaiko. A ƙasar Kano galibi sai Yuni ake samun haka.

Bayan ruwan farko, ku tona rami da fartanya. In danshi bai kai tsawon tafin hannu ba, a ajiye irin gero da masara tukuna, domin rana ɗaya mai zafi tana iya ƙone tsiro.

Mai rainon irin shinkafa kada ya daina ban ruwa daga magudanar madatsar Tiga don ya ga gajimare. Mai albasa kuma ya kwashe ta zuwa rumfa mai iska da zarar hadari ya fara haɗuwa a gabas, domin jiƙaƙƙiyar albasa ba ta jure ajiya.