Yajin Tako: Yadda Tukunya Ɗaya Za Ta Ciyar da Gida Duka

A ƙasar Meksiko akwai wani abinci da ake kira tako. Wata 'yar waina ce falale ta garin masara, a kan zuba mata nama ko wake a tsakiya, a ninke, a ci da hannu. Mutanen ƙasar sun daɗe suna noman masara da barkono tun kafin Turawan Sifen su ci babban birninsu a 1521. Turawan nan ne suka kawo musu shanu, da wani ɗan iri mai ƙamshi da ake kira kumin.

Da abincin ya bazu a Amurka, sai kamfanoni suka shiga haɗa yajinsa suna sayarwa cikin fakiti. Wannan ya rage wa uwargida aiki, amma ya zo da wata wahala, domin yajin kanti yakan cika gishiri, wani kuma a kan sa masa garin alkama don ya yi kauri, ko garin madara.

To, a ɗauka ga gida mai mutum huɗu masu bukata dabam dabam. Tsohon gidan yana da hawan jini, ga shi kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da baligi zai ci a yini ya kai giram 5, watau wajen ƙaramin cokali ɗaya. Wata yarinya tana da cutar siliyak, wadda alkama ko sha'ir ke lalata wa mai ita ƙaramin hanji. Ƙaninta bakinsa bai iya ɗaukar zafin barkono ba. Wansu kuma ba ya cin nama. Fakiti ɗaya ba zai yi wa huɗun nan daidai ba. Saboda haka gidaje da yawa can suka koma haɗa nasu da kansu. Ga yadda a kan yi:

1. A sami garin busasshen tattasai babban cokali 2, da garin kumin babban cokali 1.
2. A ƙara garin tafarnuwa, da garin albasa, da busasshen ganyen oregano, kowanne ƙaramin cokali 1, da masoro rabin ƙaramin cokali.
3. A gauraya, a zuba cikin busasshiyar kwalba mai murfi, a ajiye nesa da rana da laima.
4. Kada a sa gishiri ko barkono a ciki. A ajiye su dabam, kowa ya barbaɗa gwargwadon lafiyarsa sa'ad da aka zo ci.

In za a dafa, babban cokali 2 ya ishi rabin kilo na niƙaƙƙen nama. A soya naman, a zuba yajin da ruwa rabin kofi, a bar shi kan wuta kaɗan har ruwan ya tsotse. Wanda ba ya cin nama sai a yi masa haka da dafaffen wake. Mai siliyak kuwa lalle a ba ta wainar masara zalla, gama a arewacin Meksiko da Amurka a kan yi wainar da alkama ma.

Darasin nan ya shafe mu. Yajin tsire yana da ƙuli-ƙuli, akwai kuwa mutanen da gyaɗa ke tayar musu da kumburi da sarƙewar numfashi. Dunƙulen miya na kanti kuma yawancinsa gishiri ne. Hakimai da malamansu masu yawan saukar baƙi ne, ya kamata su riƙa tambayar baƙo abin da likita ya hana shi tun ba a aza tukunya ba, su kuma umarci masu girki su ware gishiri da barkono gefe. Wanda ya haɗa yajinsa da hannunsa shi ya san abin da ya ba iyalinsa da baƙinsa.