Yadda za ka kare jirginka na ɗaukar hoto daga abin da idanunsa ba sa gani

Tun da kamfanin DJI na birnin Shenzhen a China ya fitar da Phantom 4 a shekarar 2016, ɗauke da idanu biyu a goshi masu tsayar da shi idan ya tunkari bango, masu sayen ƙananan jirage marasa matuƙi suka fara ɗauka cewa jirgin zamani ba ya karo. Yana karo. Sau da yawa kuma abin da ke kayar da shi wayar wuta ce, ko busasshen reshe, ko igiyar rumfa, abubuwan da kamfanonin da kansu suka rubuta a littafin bayani cewa na'urar ba ta da tabbacin hango su. Idan kana ɗaukar biki, ko gona, ko gini, ko kuma nishaɗi kawai kake yi, bi waɗannan matakai kafin ka ba idanun jirginka amana.

Fara da ƙirga idanun. Ɗauki jirgin a hannu yana kashe, ka juya shi, ka duba goshi, ƙeya, gefe biyu, sama da ciki. Kada ka ƙirga babbar kyamarar ɗaukar bidiyo. Ƙananan gilasan nan da ke zaune bibbiyu su ne na hango cikas. Samfura sun bambanta ƙwarai ko da sunayensu sun yi kama. Mavic Mini na 2019 da Mini 2 na 2020 ba su da ido ko ɗaya a gaba ko baya. Na cikinsu kawai gare su, aikinsu kuwa taimaka wa jirgi ya tsaya cak ya kuma sauka lafiya. Mini 3 Pro na 2022 yana gani gaba da baya da ƙasa, amma ba shi da idanun gefe. Air 2S yana da na sama, shi ma ba na gefe. Sai a irin su Mavic 3 da Mini 4 Pro na 2023 aka kewaye jirgin da idanu ta kowace fuska. Wanda ya sayi na hannu a kasuwa ya fi kowa bukatar wannan dubawa, don mai sayarwa zai iya cewa "yana da sensa" alhali ta sauka yake nufi.

Sai ka fahimci yadda suke auna nisa, domin daga nan duk rauninsu ya samo asali. Miƙa yatsanka a gabanka, ka rufe ido ɗaya, sannan ka buɗe shi ka rufe ɗayan. Za ka ga yatsan ya yi tsalle. Da irin wannan tsallen jirgi yake lissafi: yana kwatanta hoton idon dama da na hagu, ya ga yadda abu ya gusa, ya gane kusancinsa. Kafin lissafin ya yiwu, dole a sami wata alama a jikin abin, tabo ko zane ko kusurwa, wadda idanun biyu za su kama. Bangon da aka shafe da farin fenti sumul ba shi da alama. Gilashin bene yana nuna sararin sama ne ko ginin da ke tsallake, sai jirgi ya ga hanya a buɗe. Tayil ko shingen ƙarfe mai zane iri ɗaya yana rikita shi, don ba ya sanin wane layi ne a idon dama ya yi daidai da wanne a idon hagu.

Waya ta fi duka haɗari, kuma dalilinta biyu ne. Siririya ce, daga nesa ba ta cika ko ɗigo ɗaya a hoton waɗannan ƙananan idanu. Sannan a kwance take, idanun kuma a jere suke dama da hagu, don haka layin da ya miƙe a kwance kusan iri ɗaya yake fitowa a duka biyun, babu tsallen da za a auna. Hatta Skydio 2 na Amurka, wanda ya fito a 2019 da idanu shida kuma aka yaba masa wajen kauce wa cikas, kamfaninsa ya gargaɗi masu shi game da wayoyi da igiyoyi da siraran rassa. Wanda ya fi ƙwarewa a lokacinsa ke nan.

Mataki na uku da ƙafa ake yin sa, kuma a ganina shi ne mafi muhimmanci. Kafin ka kunna komai, zaga wurin da za ka yi aiki, kanka a ɗage. Kada ka nemi wayar kanta, nemi turakun wuta ka bi da ido daga wannan zuwa wancan, ka kuma lura da waɗanda suka ratsa titi suka shiga gidaje. Duba wayoyin da suka ɗaure dogayen eriya da hasumiyar sadarwa, waɗanda ke gangarowa a karkace su kafu nesa da gindin ƙarfen. A wurin biki akwai ƙari: igiyar rumfa, wayar lasifika, zaren fitilun ado. Bishiyoyi kuma lokaci ne ke sauya su. Kuka tana zubar da ganye da rani, gawo kuwa da damina yake zama tsirara, don haka bishiyar da jirginka ya gani ya kauce mata watanni kaɗan baya, yau za ta iya zama tarin siraran rassa da ba zai gani ba. Zaɓi hanyar da jirgin zai bi tun kana ƙasa. Idan dole ne ka tsallake layin wuta, tsallake ta saman turke, inda kake ganin tsayinsa, ba ta tsakiya ba.

A wannan zagayen ne za ka tabbatar kuma kana da izinin tashi a wurin. A Najeriya hukumar NCAA ce ke kula da harkar, kuma kusa da filin jirgin sama ko barikin soja ba wurin gwaji ba ne.

Yanzu kunna, ka shiga saitin tsaro. A manhajar DJI Fly za ka ga zaɓi uku game da cikas: Bypass, wato ya kewaye, Brake, ya ja birki ya tsaya, da Off, a kashe. Shawarata ga wanda bai daɗe da farawa ba, ya bar shi a kan birki. Kewayewa tana da daɗin kallo, amma jirgin shi ke zaɓar ta inda zai kauce, kuma idan ba shi da ido a sama ko a gefe, zai iya guje wa gangar jikin bishiya ya faɗa cikin reshenta.

A shafin nan dai za ka saita tsayin komawa gida. Idan sadarwa ta yanke ko batir ya yi ƙasa, jirgin zai dawo da kansa, kuma samfura irin su Mini 2 suna hawa zuwa tsayin da ka saita ne su miƙo kai tsaye, ko me ke kan hanya. Ga yadda za ka san tsayin da ya dace. Tashi sama a miƙe daga inda kake, ka daidaita kyamara tana kallon gaba sak, ka ci gaba da hawa kana juyawa har ƙololuwar abu mafi tsawo a yankin ta koma ƙasa da layin da sama ta haɗu da ƙasa. Karanta lambar tsayin a allo, ka ƙara mita 10 zuwa 15. Ka tuna wannan lamba daga inda ka tashi ake ƙirga ta. Idan ka tashi daga kwari ka nufi tudu, mita 30 ɗinka za su iya zama daidai da kan bishiyar da ke bisa tudun.

Kafin aikin kuɗi na farko, yi gwaji a fili da babban kwali ko tabarma da aka rataya. Tunkare shi a hankali ta gaba, ka ga a wane nisa jirgin ke ƙara, a wane nisa yake tsayawa. Juya ka zo da baya, sannan ta gefe, yatsanka a shirye ya sake sandar rimot. Kada ka taɓa gwadawa da mutum. Farfela tana yanka fata, tana kuma iya taɓa ido.

Batun gudu kuma lissafi ne kawai. DJI ta rubuta cewa idanun gaba na Mini 4 Pro suna aiki ne muddin gudun bai wuce mita 12 a daƙiƙa ba, wato kimanin kilomita 43 a awa. A wannan gudun, idan jirgi bai hango waya ba sai da ta rage saura mita 3, rubu'in daƙiƙa kawai ya rage masa. Ba zai tsaya ba. Idan kuma ka tura maɓallin rimot zuwa harafin S, yanayin gudu, a yawancin samfura an kashe hango cikas ɗungurum, kuma littafin bayani yana cewa a bar wa birki aƙalla mita 30 ko da babu iska. Mutane kan shiga S don su dawo da sauri idan batir ya fara kuka, daidai lokacin da hankali ya rabu biyu. Duk inda ka kusanci bishiya ko gini, koma C, yanayin tafiyar sannu. Bidiyon ma ya fi kyau.

Lura da haske. Idanun nan kyamarori ne, sai da haske suke gani, kuma ma'aunin da DJI ta sa wa samfura da dama shi ne sama da luks 15. Bayan faɗuwar rana, kafin a cika rabin awa, haske ya sauka ƙasa da haka a ƙasashenmu. Abin da ke ruɗar mutane shi ne babbar kyamara tana ƙara wa hoto haske, allo ya nuna kamar da saura, alhali ƙananan idanun sun riga sun daina aiki. Idan gargaɗin ƙarancin haske ya fito, ɗauka kai kaɗai ke tuƙi. Air 3S na 2024 ya zo da LiDAR, na'ura mai harba haskenta ta auna dawowarsa, amma gaba kawai take kallo. Rana ma tana da tata matsalar: da hantsi ko bayan la'asar, idan jirgi ya fuskance ta, yakan ja birki babu komai a gabansa. Sauya kusurwa ya fi kashe na'urar, don wanda ya kashe ta saboda haushi yakan manta bai mayar ba. Da hunturu kuwa, hazo yana dusashe abin da ke nesa, ƙura kuma tana kwanciya a gilasan. Goge su da ƙyallen goge tabarau kafin kowane tashi, ka kuma tashi daga kan kwali ko shimfiɗa don kada farfela ta tayar da rairayi.

A kan ruwa kada ka sauko ƙasa sosai. Idanun ciki ba sa samun abin kamawa a kan dam ko kogi, suna iya bin motsin ruwan ko su yi kuskuren tsayi, jirgi ya riƙa zamewa ko nutsawa a hankali. Bar tazarar mita da yawa, ka sa ido a kan jirgin kansa.

Ɗaukar da jirgi ke yi da kansa tana bukatar taka-tsantsan na musamman. Zagaye ango da amarya tafiya ce ta gefe tun daga farko har ƙarshe. Ja da baya ana hawa sama kuma tafiya ce zuwa inda kyamara ba ta kallo. Bin mota ta gefenta ma haka. Kafin ka danna, bi da'irar da hannunka sau ɗaya a hankali, ko ka hau sama da duk abin da ke wurin. Ka samu mutum guda wanda aikinsa kawai kallon jirgin a sama yayin da kai kake kallon allo, ku yi yarjejeniya cewa da ya ce "tsaya" za ka sake sanduna ba tambaya. Kuma kada hanyar ta bi ta saman kawunan jama'a.

Idan jirgi ya taɓa wani abu, ko da bai faɗi ba, sauke shi. Shafa kowace farfela da yatsa, ka canza duk wadda ta tsage ko ta lanƙwashe. Duba gilasan idanun ko sun karce. Bugu yana iya gusar da idanun daga saitinsu kaɗan, abin da ya isa ya ɓata lissafin nisa. A samfura irin su Phantom 4 da Mavic Air 2 ana sake daidaita su ta hanyar haɗa jirgin da kwamfuta mai manhajar DJI Assistant 2, a riƙa juya shi yana kallon zanen da ke allo. Bayan haka, koma fili ka maimaita gwajin kwali ta kowace fuska kafin ka karɓi wani aiki.