Tayar Keke, Lambar Fai da Watan Azumi



A jarrabawar zangon da ya wuce na rubuta cewa fai daidai take da 22 bisa 7, sai malam ya ja mini layi da jan biro, ya rage mini maki ɗaya. Na ji haushi sosai. Da na tambaye shi dalili, sai ya ce in je in nemo tayar keke da zare da alli.

Na aro tsohuwar taya wajen mai faci a kan hanyar Basawa. Na yanke zare daidai faɗinta daga baki zuwa baki ta tsakiya, wajen santimita 66. Na yi alama da alli, na riƙa kwanta zaren a jikin tayar, duk inda ya ƙare in sake yin alama. Bayan awo uku saura kaɗan in zagaye. Da na yi awo 22 na zagaya sau 7, na dawo kan alamar farko. Na ce to ai ni ke da gaskiya!

Ashe kaurin alli ne ya ruɗe ni. Fai ita ce 3.14159 har abin da ya yi gaba, 22 bisa 7 kuwa 3.14285 ce. A lissafi na zarce alamar da kusan milimita 6. Ko da awo 355 na yi, wato zagaye 113, akwai ɗan bambancin da bai kai silin gashi ba. Tun 1761 wani masani mai suna Lambert ya tabbatar cewa ba a iya rubuta fai a matsayin wata lamba bisa wata. Saboda haka zaren ba zai taɓa faɗawa daidai kan alamar farko ba.

Ga inda abin ya fi burge ni. A 1884 wani Bajamushe, Kronecker, ya nuna cewa duk inda ka ɗora yatsa a jikin tayar, in ka ci gaba da awon, wata alama za ta zo kusa da wurin gwargwadon yadda kake so. Babu gefen da za a bari.

Malam ya ce azumi ma kusan haka yake tafiya. Shekarar wata kwana 354 ce da 'yan awoyi, ta rana kuma 365 da kusan awa shida, shi ya sa azumi yake matsowa da kwana goma ko sha ɗaya duk shekara. A 2024 mun fara ranar 11 ga Maris, a 2025 ranar 1 ga Maris. A hankali yana ratsa bazara, hunturu, kaka da damina. Bayan shekara 33 yakan dawo kusa da inda ya baro, da saɓanin 'yan kwanaki: a 1992 ma a makon farko na Maris aka fara.

Kakata kullum tana labarin azumin damina, wai ba ƙishirwa sai dai aikin gona. Na duba, a 2010 cikin Agusta aka fara. Da na ƙara 33 sai na samu 2043. In Allah ya kai mu, lokacin na haura shekara talatin.

Makin dai malam bai mayar mini ba.